Na Gudu Madina, Alƙiblar Unguwarmu Ta Biyo Ni

Tun da na dawo daga Umara ban samu sakat ba. Duk wanda ya zo barka da sauka, in ya ci dabino ya sha zamzam, sai ya gyara zama ya ce, "To Safiyo, yaya ƙasar take?" Wasu kuma na san abin da suke son ji daban ne, kunya ce ta hana su fitowa fili. Suna son jin yadda aka yi ranar da aka buga mini waya daga harabar masallaci. Na gaji da maimaitawa, shi ya sa na ce bari in rubuta shi gaba ɗaya, har da wuraren da ba su da daɗin faɗa.

Ni ma'aikacin safiyo ne, na yi ritaya. Shekara ashirin da shida da suka wuce, da za a gina masallacin unguwarmu a Funtuwa, ni aka kira na fitar da alƙibla. Na zo da kamfas da tef da igiya, na kafa turaku, magina suka bi. Tun daga ranar, in baƙo ya yaba masallacin, sai a nuna ni.

Bana sai jama'a suka fara ɗora wayoyinsu a kan shimfiɗa suna cewa sahu ya karkace. Magana ta yi yawa har Alhaji Sale, shugaban kwamitin masallacin, ya same ni a zaure.

Ya ce, "Safiyo, ba cin fuska ba ne. Liman ya ce sau biyu a shekara rana tana tsayawa daidai saman Ka'aba. A lokacin, duk abin da ke tsaye a nan inuwarsa za ta nuna layin alƙibla. Ya ce tsakiyar watan Yuli za a yi. Mu gwada, a huta."

Na ce masa waya ba abin yarda ba ce, ni da na yi shekara talatin da biyar ina awo ba za a koya mini aikina ba. Ya yi mini sallama cikin mutunci ya tafi. Amma na san maganar liman gaskiya ce, don a makaranta an koya mana ita. Ana cikin haka 'yata Bilkisu ta ce za ta kai ni Umara, in zaɓi lokacin da nake so. Na zaɓi makon da za a yi gwajin. Wannan ne abu na farko marar daɗin faɗa: ban tafi don shauƙi kawai ba, gudu na yi.

Mun bar Funtuwa da hantsi ana yayyafi. Bayan Malumfashi taya ta yi faci, direban kuma ya buɗe but ya ga safayar ma ba iska. Muka yi awa guda da rabi a bakin titi kafin a kai ta wurin mai faci a kan babur. Ni dai ina ta duba agogo, ina raya cewa ko Allah ne ke nuna mini niyyata ba ta da kyau.

A filin jirgin Kano, na'ura ta yi ƙara a kan jakata. Wata jami'a ta zaro kamfas ɗina na tagulla ta juya shi.

"Baba, wannan fa?"

Na ce na duba alƙibla ne.

Ta yi dariya ta ce, "Baba, can ɗin ma sai ka nema? Ai gabanka za ta kasance." Ta mayar mini. Ban san dalilin da ya sa na ɗauko shi ba. Ina jin dai ban so in bar shi a gida ne wani ya je ya gwada.

A Madina kuma yatsuna suka ƙi. Jami'in shige da fice ya ɗora hannuna a kan gilashi sau huɗu, na'urar ba ta karanta ba. Shekarun jan igiya da tef sun shafe zanen. Layin da ke bayana ya fara guna-guni, ni kuma na gama yanke cewa jirgin da ya kawo ni shi zai mayar da ni. Jami'in ya miƙo mini wani mai ya nuna in shafa. A karo na biyar ya buga hatimi ya ce, "Ahlan ya Hajj." Na ɗauki jakata na fita waje.

Zafin wajen ba irin namu ba ne. Namu yana sa gumi, nasu busar da mutum yake yi kamar an buɗe tanderu. Ga shi masaukin da aka ce an kama mini babu sunana a ciki. Ina tsaye da jaka ban san inda zan nufa ba, sai wani direban tasi ya leƙo ya ce, "Alhaji, mi ya faru?" Isufu sunansa, mutumin Tawa ne, shekararsa tara a can. Ya ce in kwantar da hankalina, babu mushkila, ya san gidan da ake saukar da mutanenmu a Harra ta Yamma. A hanya ya yi ta ba ni labarin wahalar sabunta ikama, wato takardar zama, rabi da Hausa rabi da Larabci, ni kuma ina kallon baƙaƙen duwatsun da suka leƙo a tsakanin gidaje kamar ƙonannen gawayi.

Mai gidan Hajiya Zara ce, 'yar Cadi, mai dafa wa baƙi abinci. Ta ba ni ɗaki mai na'urar sanyi. Da la'asar ta yi na shimfiɗa darduma na dubi gabas kamar yadda na saba tun ina yaro. Zan ɗaga hannu ke nan ta wuce ta bakin ƙofa da tire.

"La la, ya Hajj! Ba nan ba. Kudu, kudu."

Ta nuna mini wata 'yar kibiya da aka manna a rufin ɗakin. A Madina kudu ake duba. Na san haka a kan taswira, amma jikina bai sani ba. Mutumin da ya fitar wa unguwa guda alƙibla, ga shi mai abinci ce ta juya shi. Ita ta manta nan take, ni kuwa abin ya tsaya mini a rai.

Abincinsu sai da na koya. Da safe wake ne dakakke da man zaitun, ana dangwala da wata faffaɗar gurasa mai zafi da suke kira tamis. Da rana shinkafa da kaza a faranti ɗaya, kowa ya sa hannu, yajin kuwa ba ya kai rabin namu. Gahawa ce ta ba ni wuya. Ana zuba ta a ɗan kofi kamar murfin kwalba, da na shanye a ƙara. A gida in baƙo ya ƙi abu an ce ya raina, don haka na yi ta karɓa har kofi bakwai, zuciyata na bugawa. Sai Isufu ya raɗa mini cewa girgiza kofin ake yi in an ƙoshi. Babbar 'yar Hajiya, wadda ke aikin jinya, ta yi ta dariya. Duk abin da na faɗa da Hausa tana ji, amma amsa da Larabci take ba ni.

Na ziyarci Masallacin Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, na yi sallama, na yi kuka kamar kowa. Sai dai ko a can, in na dubi yadda sahu ya miƙe ɗoɗar, masallacinmu nake tunawa. Wayata na aljihu da saƙon Alhaji Sale guda uku, ban buɗe ko ɗaya ba.

Ranar da Isufu ya kai ni masallacin Ƙiblatain, wajen fitowa daga mota kamfas ɗin ya suɓuce ya faɗi a kwalta. Gilashin ya tsage, allurar ta maƙale. Isufu ya ce akwai wani dattijo mai gyaran agogo a nan kusa, Bahaushen Sudan ne, in dai abu na da allura zai tashe shi.

Ustaz Bashir ya kai shekara saba'in da biyar. Kakanninsa da ƙafa suka baro ƙasar Hausa za su hajji, suka yada zango a Sudan, zangon ya zama gida. Ya koyar da lissafi a can kafin ya zo Madina. Shagonsa bai fi faɗin tabarma biyu ba. Ya sa gilashi a ido ɗaya ya buɗe kamfas ɗin.

Ya ce, "Wannan na masu awon ƙasa ne. Kai muhandis ne, injiniya?"

Na ce safiyo. Kafin in ankara na ba shi labarin masallacinmu, amma ta fuskar da ta yi mini daɗi. Na ce masu waya ba su san allura ba ta nuna arewa ta gaskiya ba. Na ce wani Baturen Ingila ya tabbatar da haka tun shekaru ɗari uku da suka wuce, malaminmu na makarantar safiyo ba ya gajiya da labarinsa. Ɗan mai sana'ar sabulu ne. Yana saurayi ya bar jami'a bai gama ba, ya shiga jirgin ruwa zuwa wani tsibiri a tsakiyar teku don ya rubuta taurarin kudu da ba a gani daga ƙasarsu. Gajimare ya dame shi kusan kullum, duk da haka ya dawo da taurari sama da ɗari uku. Daga baya aka ba shi jirgin ruwan gwamnati, alhali ba matuƙi ba ne, ya zaga teku yana auna karkatar allura wuri-wuri. Mataimakinsa ya raina shi har dole ya juyo da jirgin gida, amma ya sake fita, ya zana taswirar da matuƙa suka daɗe suna amfani da ita.

Ustaz bai ɗago ba. Ya ce, "Mai tauraro mai wutsiya. Na san shi. Ɗayyib, ka san ya koyi Larabci?"

Ban sani ba.

"Yana kusa da hamsin. Akwai littafin lissafi na mutanen Yunan da ya ɓace, sai a Larabci aka same shi. Ya zauna ya koya, ya fassara. Ina faɗa wa ɗalibaina wannan in suka ce sun girma da koyo." Ya hura cikin kamfas ɗin. "Kuma ka san abin da ya ce shi ke karkatar da allura? Ya ce duniya fanko ce a ciki, kamar ƙwarya cikin ƙwarya, suna juyawa. Galaɗ, kuskure ne babba. Ya rubuta, ya sa sunansa, kowa ya gani. Game da tauraron nan kuma, ya faɗi shekarar da zai dawo, ya san ba zai kai ba. Yani ya bar wa waɗanda ba a haifa ba su duba aikinsa, in ya yi daidai su ce, in ya yi kuskure su ce."

Allurar ta fara motsi. Ya ajiye kamfas ɗin a tebur, ya kawo sukundireba kusa da shi. Allurar ta bi ƙarfen. Ya janye, ta koma. Ya sake kawowa.

"Ranar da ka yi awon, babu ƙarfe kusa?"

Wannan ne abu na biyu marar daɗin faɗa. Akwai. Tirelar rodi aka sauke a filin da safiyar ranar, tulin bai fi taku biyar daga inda na tsaya ba. Manyan unguwa na jira a rana a aza tubalin farko, ana ta cewa in yi sauri. Na ce a raina ba zai yi wani tasiri ba. Shekara ashirin da shida ban faɗa wa kowa ba, ko matata. A shagon nan na faɗa wa mutumin da ban taɓa gani ba.

Na ce, "Ustaz, in ya karkace fa? Sallar mutane ta shekarun nan tana wuyana."

Ya cire gilashin idonsa ya nuna masallacin da kai. "Me ya sa ake kiran wancan Ƙiblatain? Mutane na salla suna duban Ƙudus, umarni ya zo, suka juya. An ce musu sallarsu ta baya ta ɓaci? Wanda ke nesa, in ya yi iya ƙoƙarinsa ya dubi sashen Ka'aba, sallarsa ta yi. Ka tambayi malamai, ni mai agogo ne. Jama'arka ba su da laifi. Amma kai yanzu ka san da rodin. Yaushe ne gwajin?"

Na ce gobe.

"Ka zo nan. Agogona ba ya kuskure."

Da yamma na buɗe saƙonnin. Babu zagi ko ɗaya. Alhaji Sale yana tambaya ne yadda ake kafa sandar, don sun ga ba wanda ya iya. Na kira Malam Haruna, ladaninmu, abokina tun ƙuruciya. Na ce kada su yi da sanda, ba lalle ta miƙe ba. Su rataye igiya da dutse a ƙasanta a gefen bangon masallaci, in lokaci ya yi su shata inuwar, su ja layin ya kai ƙafa goma, su auna tazararsa da bango a farko da ƙarshe. In tazarar ɗaya ce, ginin daidai yake.

Washegari tun sha biyu saura na isa shagon. Agogonsu ya fi namu da awa biyu, wato a gida ƙarfe goma ta kusa. Na kira Malam Haruna, abin da na fara ji shi ne ruwa a kan kwano.

Ya ce, "Safiyo, tun asuba ake yi. Ko hannunka ba ka gani sosai, balle inuwa."

Ba zan ɓoye ba, wani sanyin daɗi ya ratsa ni. Na ce wa Ustaz sai kuma baɗi. Ya girgiza kai ya ce gobe ma za a iya, bambancin bai kai a damu ba. Ranar ko tamis ban iya ci ba. Hajiya Zara ta ɗauka zazzaɓi ne, ta dafa mini kunu irin na gida.

Kashegari Isufu ya ajiye aikinsa ya zauna tare da mu. Ustaz ya ɗora agogo a tebur. Malam Haruna ya bugo mini waya ya ce an taru kusan mutum talatin, amma hadari ya rufe gabas.

"Saura minti biyar," in ji Ustaz.

"Haruna, yaya?"

"Shiru. Akwai dai ɗan haske ta wajen tasha."

"Minti biyu."

Na rasa abin da zan roƙa, rana ta fito ko kada ta fito. A ƙarshe na ce Allah Ya zaɓa. Ladanin Ƙiblatain ya fara kiran azahar, sai na ji hayaniya ta tashi a wayar.

"Ta fito! Ta fito! Alhaji riƙe igiyar, kar ta yi lilo! Kawo alli!"

Ustaz ya ɗaga yatsa ya ce, "Yanzu."

Aka yi kamar minti uku ba na jin komai sai takun mutane da ƙarar tef. Sannan Malam Haruna ya dawo, muryarsa ƙasa-ƙasa, na ji alamar ya matsa gefe.

"A farko ƙafa biyu. A ƙarshe ƙafa uku da inci uku. Safiyo, me ke nan?"

Ban nemi takarda ba. Inci goma sha biyar a ƙafa goma, wajen digiri bakwai ke nan. Ustaz ya yi lissafin a bayan wata ambulan ya juyo mini da ita, adadi ɗaya muka samu.

Malam Haruna ya ce, "In ce musu sai ka dawo?"

Na dubi Ustaz. Ya koma kan wani agogo kamar ba ya ji. Na ce wa Haruna ya buɗe wayar kowa ya ji. Na yi sallama, suka amsa. Na ce ginin ya karkace da wajen digiri bakwai, kuskuren nawa ne, ba na magina ba. Na faɗi maganar rodin, na ce na gani a ranar kuma na yi shiru. Na nemi su yafe mini.

Sai Alhaji Sale ya ce, "Mun ji, Safiyo. Allah Ya yafe mana gaba ɗaya. Kana wuri mai albarka, ka sa mu a addu'a. Sahun kuma ba wanda zai taɓa shi sai ka dawo, don mu nan ba mu san yadda za mu shigar da layin nan ciki ba."

Ustaz ya rufe shago muka tafi salla mu uku. A hanya ya ce Baturen nan ya haura sittin aka ba shi shugabancin gidan duban taurari na ƙasarsu, ya fara bin tafiyar wata, aikin da ke cin shekara goma sha takwas, kuma ya kai ƙarshensa. Ya tambaye ni shekaruna, na ce sittin da uku. Ya ce ashe yaro ne ni.

Bayan kwana biyu na ɗaura harami na wuce Makka, na yi Umarata da zuciya ɗaya. Wannan ɓangaren tsakanina da Ubangijina ne.

Ranar Asabar ta farko bayan dawowata muka naɗe shimfiɗun masallaci. Liman ya riga ya yi wa jama'a bayani cewa ba wanda zai rama salla, ba kuma sai an rushe komai ba. Na durƙusa da fenti da buroshi, Alhaji Sale ya riƙe ɗaya bakin igiyar, muka ja layi bayan layi har gwiwoyina suka sage. Da sahu ya karkata, na farko ya gajarta ta gefe ɗaya, wurin mutum huɗu ya tafi.

Da magariba Baba Ilu ya shigo da sandarsa. Ya haura tamanin, kuma tun ranar da aka buɗe masallacin a kusurwar nan ta sahun farko yake salla. Ya tsaya ya dubi inda wurinsa yake, ya dubi sabon layin, sannan ya dube ni.

"Kai ne Safiyo?"

Na ce ni ne, Baba.

"Wannan karon ka auna da kyau?"

Na ce da rana aka auna, Baba, ba da ni ba.

Ya ce, "To matsa." Ya tsaya a wurina na bayan liman, ni kuma na koma sahu na biyu.